Uba a Rundunar Sarki, Kawu a Sahun 'Yan Bore: Rabuwar Biyayya a Ƙagaggun Labaran Tarihi na Yara kan Rikicin Ailan

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci yadda marubutan adabin yara suka sarrafa jigon rabuwar biyayya a ƙagaggun labaran da suka gina a kan rikicin ƙasar Ailan, tun daga Boren Ista na 1916 har zuwa yajin ƙin cin abinci na fursunoni a 1981. An ɗora nazarin a kan ayyukan marubuta huɗu, wato Gerard Whelan da Siobhán Parkinson da Joan Lingard da Siobhan Dowd, sannan aka taɓo wasu a gurguje. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, dabarar shigar da rikici cikin gida ɗaya, uba yana wannan ɓangare kawu yana wancan, ita ce babban ƙarfin waɗannan littattafai, amma ita kaɗai ba ta wadatar ba. Littafin da ya riƙe amanar yaro mai karatu shi ne wanda ya nuna masa abin da ya sa manya suka ɗauki makami, kuma ya bar tauraronsa ya ɗanɗani ɗacin zaɓin da ya yi.

Gabatarwa

A makon da aka yi Boren Ista a birnin Dublin, daga Litinin 24 zuwa Asabar 29 ga Afrilun 1916, an kashe mutum wajen 485, fiye da rabinsu fararen hula. Yara 40 na cikinsu. An kusa cika shekara ɗari ana tunawa da jagororin boren kafin ɗan jaridar rediyo Joe Duffy ya bi diddigin yaran nan ɗaya bayan ɗaya, ya tattara labarinsu a littafinsa Children of the Rising a 2015. Bayan shekara huɗu, shi da Freya McClements suka yi irin wannan aiki a kan rikicin Ailan ta Arewa, suka ƙirga yara 186 da suka rasa rayukansu a cikinsa. Ke nan yaran Ailan ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi. An harbe su a bakin ƙofar gidajensu, an aike su da saƙonni, sun yi jifa da duwatsu, sun kai wa 'yan'uwansu ziyara a kurkuku.

Tambayar da ta haifar da wannan takarda ita ce: idan marubuci ya zauna zai ba ɗan shekara 11 ko 15 labarin wannan tarihi, me zai faɗa masa, me kuma zai ɓoye? Tambayar tana da nauyi na musamman a Ailan, domin littafi ɗaya zai iya shiga ajin da kakannin ɗalibansa suka yi fareti da tutar Birtaniya, ya kuma shiga ajin da kakannin ɗalibansa suka mutu wajen neman sauke ta. Har yau ɗaliban Ailan ta Arewa da ke makarantun haɗaka, inda 'ya'yan Katolika da na Furotesta ke zama aji ɗaya, ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, duk da cewa makarantar farko irin wannan, Lagan College, ta buɗe tun 1981 da ɗalibai 28. Ga yara da yawa, shafin littafi ne wuri na farko da za su zauna su saurari yaron ɗaya ɓangaren yana magana.

A nan, ƙagaggen labarin tarihi na nufin labarin da marubuci ya ƙirƙiri taurarinsa amma ya zaunar da su a wani zamani da ya shuɗe, cikin abubuwan da suka auku da gaske. Littattafan Joan Lingard ba su shiga wannan ma'ana kai tsaye ba, domin ta rubuta su ne wutar tana ci. An sanya su cikin nazarin saboda yaran da ke karanta su yau a matsayin tarihi suke karanta su, kuma saboda tsarin da ta shimfiɗa ya yi tasiri a kan waɗanda suka biyo bayanta.

Tushen rabuwar

Ba za a fahimci littattafan ba sai an san inda tsagar ta faro. Daga 1609 masarautar Ingila ta ƙwace filaye masu yawa a lardin Ulster da ke arewacin tsibirin, ta zaunar da baƙi 'yan Furotesta daga Ingila da Sikotlan. A 1690 Sarki William ɗan Furotesta ya karya rundunar Sarki James ɗan Katolika a gaɓar kogin Boyne, kuma wannan nasara ce 'yan Furotestan arewa ke yi wa fareti da ganguna duk ranar 12 ga Yuli. A 1801 aka haɗe Ailan da Birtaniya a ƙarƙashin majalisa ɗaya a Landan. Yunwar da ta fara a 1845 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan ɗin zuwa ƙetare, ta bar tabon da bai warke ba tsakanin talakan Ailan da gwamnatin Landan.

Lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, majalisar Birtaniya ta riga ta amince da dokar ba Ailan mulkin kai na cikin gida, amma ta jingine aiwatar da ita har a gama yaƙi. Jagoran 'yan kishin ƙasa a majalisa, John Redmond, ya kira magoya bayansa su shiga soja domin a tabbatar musu da alkawarin. 'Yan Furotestan Ulster kuma suka shiga domin su hana a cika shi. Mutanen Ailan sama da 200,000 suka sa kakin sarki, kowa da manufarsa, wasu kuwa yunwa ce kawai ta kai su. Tsirarun da suka ce ba za su jira Landan ba su ne suka kama babban gidan waya na Dublin a 1916 a ƙarƙashin Patrick Pearse da James Connolly. A cikin makon nan na bore, sojojin Ailan fiye da 500 suka mutu a Hulluch ta ƙasar Faransa sakamakon harin iskar guba na Jamusawa. Uwa ɗaya a Dublin tana iya samun ɗa a can da ɗa a gidan waya.

Da farko jama'ar gari ba su goyi bayan boren ba. Matan sojoji, waɗanda alawus ɗin mazajensu ne abincin 'ya'yansu, sun yi wa 'yan boren ihu lokacin da ake tafiya da su. Kashe jagororin da gwamnati ta yi, mutum 16 gaba ɗaya, shi ya juya zukata. Daga nan aka shiga yaƙin neman 'yanci daga 1919 zuwa 1921, aka raba tsibirin, gundumomi shida na arewa suka zauna da Birtaniya, 26 na kudu suka kama hanyarsu. Sai yaƙin basasa a kudu daga 1922 zuwa 1923. Sai kuma rikicin arewa da ya taso a ƙarshen shekarun 1960, ya ci rai fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar Belfast ta 10 ga Afrilun 1998.

Gidan da ya rabu biyu: Whelan da Parkinson

The Guns of Easter na Gerard Whelan ya fito a 1996 daga maɗaba'ar O'Brien ta Dublin, wadda ta fitar da irin waɗannan littattafai da dama. Tauraronsa Jimmy Conway, ɗan shekara 12, yana zaune a gidajen hayar talakawan Dublin tare da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata. Mahaifinsa yana fagen daga cikin rundunar Birtaniya, shi kuwa Jimmy yana ganin yaƙi abin alfahari ne, yana son sojan da ubansa ke cikinsu. Da bore ya tashi, sai ga kawunsa Mick a sahun 'yan bore. Yanzu kakin da ubansa ke sawa shi ne kakin masu harbin kawunsa.

Abin da ya ɗaga wannan littafi sama da takwarorinsa shi ne abin da Whelan ya zaɓa ya zama injin labarin. Jimmy bai fita titi domin ya taya wani ɓangare ba. Abinci ya ƙare a gida, kasuwanni sun rufe, shi ne ya ratsa birnin da ke cin wuta yana neman abin da iyalinsa za su sa a baki, yana kauce wa harsashi da sintirin soja, yana fatan ya komo kafin dokar hana fita. Da wannan dabara marubucin ya jefi tsuntsu biyu. Ya sami dalilin zagaya da mai karatu cikin birnin ya ga boren ta fuskoki da dama. Ya kuma dasa wa yaro fahimtar da littattafan makaranta kan tsallake, cewa talauci yana cikin masu yanke wa mutum ɓangaren da zai tsaya. Dublin ta 1916 ba ta gama farfaɗowa daga rikicin 1913 ba, lokacin da masu kamfanoni suka rufe wa ma'aikata wajen 20,000 ƙofa saboda sun shiga ƙungiyar ƙwadago ta James Larkin. Da yawa daga waɗanda aka ƙi mayarwa bakin aiki soja suka shiga, domin nan ne kaɗai albashi yake. Yaron da ya karanta labarin Jimmy zai yi wuya ya kira sojan Ailan mai kakin Birtaniya maci amana, kuma zai yi wuya ya kira ɗan bore mahaukaci. Ya ga abin da ke cikin tukunyar gidan kowannensu.

Siobhán Parkinson, wadda a 2010 ta zama ta farko da aka naɗa jakadiyar adabin yara ta Ailan, ta bi wata hanya a No Peace for Amelia na 1994. Amelia Pim 'yar gidan mabiya ɗarikar Quaker ce, ɗarikar da aƙidarta ta haramta yaƙi kowane iri. Saurayin da take so, Frederick Goodbody, ya saɓa wa wannan aƙida ya shiga sojan Birtaniya, jama'arsu suka girgiza, ita kuwa Amelia tana alfahari da shi a ɓoye. Ƙawarta Mary Ann, 'yar aikin gidansu, 'yar Katolika, yayanta Patrick yana cikin masu shirya bore. 'Yan mata biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowace zuciyarta na wajen saurayi mai bindiga, kuma bindigogin suna fuskantar juna.

Zaɓen gidan Quaker wayo ne na marubuciya, domin ya ba ta wurin tsayawa na uku wanda daga cikinsa za a tuhumi yaƙe-yaƙen biyu da ma'auni ɗaya. Amma a ganina wayon yana da rauni. 'Yan Quaker tsiraru ne ƙwarai a Ailan, kuma mafi yawan yaran 1916 ba su da irin wannan mafaka ta aƙida da za su fake a cikinta. Mary Ann ce ke ɗauke da ainihin nauyin labarin: amanar gidan da ke ciyar da ita a hannu ɗaya, haƙƙin jini a ɗaya hannun, kuma ba ta da dukiya ko matsayin da zai kare ta idan ta yi kuskure. Duk inda littafin ya koma wajenta, sai ya yi zafi.

Bikin cika shekara ɗari na abubuwan da suka faru tsakanin 1912 da 1923 ya kawo sabbin littattafai da yawa a kan wannan tsari. Friend or Foe na Brian Gallagher, na 2015, ya haɗa yarinyar da ubanta hafsa ne a rundunar 'yan sa-kai ta masu bore da yaron da ubansa sajen 'yan sandan Dublin ne. Name Upon Name na Sheena Wilkinson, shi ma na 2015, ya koma Belfast, wajen Helen mai uwa daga gidan Katolika da uba ɗan Furotesta, kuma ɗan'uwanta Michael da ya gudu daga gida ya shiga soja sai aka tura shi Dublin ya murƙushe 'yan ƙasarsa. Wannan hali na Michael ya faru da gaske ga sojoji da dama, domin rundunonin Ailan suna cikin na farko da aka tura kan 'yan boren. Sai dai tsarin yaro ɗaya nan yaro ɗaya can, idan ya zama al'ada, yana iya koya wa mai karatu cewa ɓangarorin biyu ƙarfinsu ɗaya, kukansu ɗaya, abin da ya rage kawai su fahimci juna. Tarihi bai faɗi haka ba.

Lingard da matsalar ƙofar fita

Wannan damuwa ta fi fitowa fili a littattafan Joan Lingard. An haife ta a Edinburgh a 1932, ta girma a Belfast, ta rasu a 2022. Littattafanta biyar a kan Kevin McCoy ɗan Katolika da Sadie Jackson 'yar Furotesta sun fara da The Twelfth Day of July a 1970. A cikinsa yara ne ke wasan manya. Kevin ya ɓata zanen Sarki William da ke bangon unguwar su Sadie, Sadie ta shiga unguwarsu ta rama, ramuwa ta haifi ramuwa, har aka yi arangamar da Brede ƙanwar Kevin ta sami mummunan rauni. Sai a lokacin hankalin yaran ya dawo jikinsu.

Across the Barricades ya fito a 1972, shekarar da ta fi kowace muni a rikicin, wadda aka kashe mutum kusan 500 a cikinta, kuma wadda ta buɗe da harbin da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a Derry ranar 30 ga Janairu, mutum 13 suka mutu nan take. Kevin da Sadie sun girma, sun fara soyayya. Abokin Kevin na ƙuruciya, Brian Rafferty, ya nemi ya ɓoye masa bindiga a wurin tarkacen ƙarafan da yake aiki. Kevin ya ƙi, mutanen unguwarsa suka lakaɗa masa duka. Tsohon malamin Sadie, Mista Blake, ya buɗe musu gidansa su riƙa haɗuwa, aka kai wa gidan hari ya mutu. A ƙarshe masoyan suka bar Belfast. Littattafai ukun da suka biyo baya, har zuwa Hostages to Fortune na 1976, suna bin su ne a Landan da Liverpool da sauran wuraren da suka yi gudun hijira.

Dole a yaba wa Lingard. Ta rubuta wa yara labarin Belfast a lokacin da manya da yawa ke tsoron buɗe baki, kuma ba ta sassauta ba wajen nuna cewa mai tsallaka shinge daga mutanensa yake fara shan wuya. Hijirar ma ba ƙarya ba ce, ma'aurata da yawa masu addini daban sun bar ƙasar. Duk da haka akwai abubuwa biyu da mai nazari ba zai kawar da kai daga gare su ba.

Na farko, rikicin a waɗannan littattafai ya fi kama da cutar gado, ƙiyayyar da iyaye ke shayar da 'ya'ya ba tare da dalili ba. Alhali a lokacin da ake rubuta su dalilan suna nan a fili. A shekarun 1960, a birnin Derry 'yan Katolika ne suka fi yawa, amma an murɗe iyakokin mazaɓu ta yadda majalisar birnin ke hannun masu goyon bayan Birtaniya. A wancan lokaci ƙuri'ar ƙananan hukumomi ta masu biyan harajin gida ce da matansu, abin da ya hana dubban talakawa zaɓe. A Caledon a watan Yunin 1968 an ba wata budurwa 'yar Furotesta mai shekara 19 gidan gwamnati alhali iyalan Katolika masu 'ya'ya suna jira, har ɗan majalisa Austin Currie ya shiga gidan ya zauna don nuna ƙin amincewa. Ranar 5 ga Oktoban shekarar 'yan sanda suka far wa masu macin neman haƙƙi a Derry da kulake a gaban kyamarar talabijin. A ɗaya ɓangaren ma tsoron 'yan Furotesta yana da tushe: sun ga yadda yawan 'yan'uwansu ya ragu a kudu bayan raba ƙasa, sun ga ƙarfin da cocin Katolika ke da shi a dokokin can. Yaron da ya rufe littafin bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba zai tafi da tunanin cewa mutanen Belfast wawaye ne kawai. Wannan zalunci ne ga ɓangarorin biyu.

Na biyu, idan mutanen kirki a labari ko dai su mutu ko su hau jirgin ruwa, me aka bar wa yaron da ke karatu a unguwar Falls ko Shankill ta Belfast, wanda ba shi da kuɗin jirgi? Martin Waddell, wanda shi kansa bam ya kusa hallaka shi a 1972, ya fuskanci wannan a littattafai ukun da ya rubuta da sunan Catherine Sefton tsakanin 1986 da 1989. A The Beat of the Drum ya sa mai ba da labarin ya zama yaron da bam ya nakasa, yana zaune a keken guragu a tsakiyar unguwar masu goyon bayan Birtaniya, yana kallon mutanensa da idon suka ba tare da ya daina zama nasu ba. Wannan matsayi ya fi na Kevin da Sadie wuyar rubutawa, kuma ya fi kusa da rayuwar mafi yawan masu karatu.

Dowd: zaɓi mai barin tabo

Bog Child na Siobhan Dowd ya fito a 2008, bayan rasuwar marubuciyar a watan Agustan 2007, kuma ya ci lambar yabo ta Carnegie a 2009. Na manyan yara ne, 'yan sakandare. An gina shi a 1981, shekarar da fursunoni masu neman raba arewa da Birtaniya a kurkukun Maze suka shiga yajin ƙin cin abinci suna neman a ɗauke su fursunonin siyasa. Bobby Sands ya ci zaɓen majalisar Birtaniya yana kan yajin, ya mutu ranar 5 ga Mayu bayan kwana 66. Mutum goma suka mutu kafin a janye yajin ranar 3 ga Oktoba.

Fergus McCann ɗan shekara 18 yana shirin jarrabawar ƙarshe, burinsa ya karanta likitanci. Yayansa Joe yana cikin masu yajin. Mahaifinsu yana ganin mutunta ƙudurin Joe shi ne ƙauna, mahaifiyarsu tana son ɗanta da rai ko da me za a ce. Wata safiya Fergus da kawunsa Tally suna yankan ƙasar fadama da ake busarwa a yi makamashi, a kusa da kan iyaka, suka tono gawar da fadamar ta adana kusan shekara dubu biyu, da igiya a wuyanta. Labarin wannan gawa, wadda Fergus ya raɗa wa suna Mel, yana zuwa masa a mafarki, kuma shi ma labarin sadaukar da rai ne domin jama'a.

Dowd ba ta ba Fergus mafaka ba. Wani ɗan unguwarsu ya sa shi tsallaka iyaka da ƙunshin kaya, da alkawarin za a sa baki a ceci Joe, shi kuwa yana zargin abin fashewa yake ɗauka. A shingen iyakar ya saba da wani matashin soja ɗan Wales mai suna Owain, wanda shi ma talaucin garinsu ne ya kai shi soja. Gaba kura, baya sayaki: idan ya ƙi aiken yana jin ya saki yayansa, idan ya yi yana jin zai kashe abokinsa. Daga baya ya gano ƙunshin ba makami ba ne, amma wannan sauƙi bai daɗe ba. Bam ya kashe Owain, kuma mai haɗa bama-baman yankin ashe kawunsa Tally ne, mutumin da ya fi kowa kusa da zuciyarsa. Da Joe ya suma, iyalin suka amince a yi masa ƙarin ruwa, wato suka karya abin da ya zaɓa da bakinsa domin su tsirar da ransa. Nan ma Dowd tana kan tarihi, domin sa bakin da iyalai suka riƙa yi bayan 'ya'yansu sun fita hayyacinsu yana cikin manyan abubuwan da suka kawo ƙarshen yajin.

Fergus ma ya bar gida a ƙarshe, zai tafi karatu. Amma tafiyarsa ta bambanta da ta Kevin da Sadie. Bai fita da hannu mai tsabta ba, ya ɗauki kayan da yake zaton na kisa ne, ya sa baki a hukuncin da yayansa bai yarda da shi ba, ya san abin da kawunsa ya aikata. Mai karatu kuma ya ji hujjar Joe daga bakin Joe, ya ji ta uba, ya ji ta uwa, ya san Owain a matsayin mutum kafin ya mutu. Babu wanda aka mayar dodo, babu wanda aka wanke. Ina ganin wannan ne ya sa littafin ya fi sauran tsayawa a rai.

Inda alƙalami ke ja da baya

Akwai lokacin da rabuwar biyayya ta kai maƙura a tarihin Ailan, wato yaƙin basasa. An sa hannu kan yarjejeniya da Birtaniya ranar 6 ga Disamban 1921, majalisar Dublin ta amince da ita da ƙuri'a 64 a kan 57, sai abokan gwagwarmaya suka juya wa juna bindiga. An kashe Michael Collins, ɗaya daga cikin jagororin masu goyon bayan yarjejeniyar, a gundumarsa ta Cork ranar 22 ga Agustan 1922. 'Yan'uwa biyu ciki ɗaya, Seán da Tom Hales, sun yi yaƙi a ɓangarori daban. Da aka harbe Seán, wanda ke ɓangaren gwamnati, a Dublin a watan Disamba, gwamnati ta rama da kashe fursunoni huɗu, cikinsu har da Rory O'Connor, wanda shekara ɗaya kafin nan shi ne babban abokin ango a bikin minista Kevin O'Higgins, kuma O'Higgins yana cikin majalisar ministocin da ta amince da hukuncin.

A nan babu baƙon soja da za a ɗora wa laifi, babu bambancin coci da za a ce shi ya raba mutane. Addini ɗaya, unguwa ɗaya, wani lokaci uwa ɗaya. Akwai marubutan da suka gwada, kamar Mark O'Sullivan a Melody for Nora na 1994 da Brian Gallagher a Taking Sides na 2011, kuma sun cancanci a nazarce su a takarda ta daban. Amma Boren Ista ya fi jan marubutan yara nesa ba kusa ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Boren yana da kwana shida, da jarumai, da gini ɗaya da za a zana a bangon littafi. Yaƙin basasa kuwa yana tilasta wa marubuci ya gaya wa yaro cewa mutanen da aka koya masa girmamawa sun kashe juna, kuma biyu daga cikin manyan jam'iyyun ƙasarsa, Fianna Fáil da Fine Gael, daga wannan tsaga suka fito. Dabarar abota ta tsallaka shinge ba ta aiki sosai a wurin, domin masu yaƙin sun riga sun san juna ciki da bai, sanin bai hana komai ba.

Ga malaman adabi da masu zaɓar littattafan karatu, musamman mu da muke koyarwa a garuruwan da unguwanni suka rabu bisa addini, shawarar wannan takarda a sarari take. The Guns of Easter ya dace da 'yan shekara 10 zuwa 13, Bog Child da 'yan babbar sakandare. Across the Barricades kuwa kada a miƙa wa ɗalibi shi kaɗai. A haɗa masa da darasin gidan Caledon, da mazaɓun Derry, da tsoron da ya sa maƙwabtan Sadie suke buga ganga, kafin a tambaye shi ra'ayinsa a kan Kevin.